Ƙwaya ba ta wanke ƙasa: tsutsar ciki da mutanen bakin Kainji

Idan ana lissafin abubuwan da suka addabi mutanen Yauri da Ngaski da Shanga, da wuya tsutsar ciki ta shiga sahu. Za a fara da 'yan bindiga, musamman tun da aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021. Za a kawo haɗarin jiragen ruwa, irin wanda ya auku kusa da Wara a watan Mayun waccan shekarar, ya ci rayuka masu yawa. Sai ambaliya, sai tsadar taki, sai kifin da ke ta raguwa a tafki. Waɗannan duka da kururuwa suke zuwa, shi ya sa ake jin su har Birnin Kebbi da Abuja. Tsutsa kuwa ba ta kururuwa. Uwa za ta ga wani dogon abu fari yana motsi a cikin kashin ɗanta, ta yi tsaki, ta tura ƙasa ta rufe, ta ce zaƙi ne ya yi masa yawa. Kafin magariba an manta.

Ba zaƙi ba ne. Ba alewa ba ce, ba rake ba ne, ba kuma wani abu ba ne da aka halicci kowane yaro da shi, kamar yadda akan ji wasu na faɗa. Irin wannan tsutsa da ke cikin yaro daga kashin wani ta samo asali, ta kwana a ƙasa, sannan ta shiga jikinsa ta baki ko ta ƙafa. Maganar ba ta da daɗin ji ga mai karanta jarida yana karin kumallo, amma sai an faɗe ta haka ɓaro-ɓaro kafin a gane inda aka baro gini. Shekara da shekaru ana ba yara ƙwayar da ke wanke ciki, an bar ƙasar da ke mayar musu da cutar yadda take. Ni a ganina ƙasar ce majinyaciya ta farko, kuma har yau babu wanda ya duba ta.

Manyan tsutsotsin da ke bi ta ƙasa iri uku ne. Wadda aka fi sani ita ce macijin ciki, wadda kan kai tsawon santimita 35. Macen tana zuba ƙwai kusan 200,000 a rana guda. Ƙwan yana fita tare da kashi, kuma ranar da ya fita ba ya cutar da kowa. Sai ya yi mako biyu zuwa uku a ƙasa mai ɗumi da laima kafin ya nuna. Daga nan yana iya yin shekaru yana jiran mai rabo. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, ko kaza ta tono juji ta zo ta hau tabarmar cin abinci, ko a yanka latas da tumatir ba a wanke su sosai ba. Ta biyu siririya ce mai siffar bulala, tana maƙalewa a babban hanji, idan ta yi yawa ta jawo zawo da jini, har dubura ta fito wa yaro. A kasuwa wannan sunansa basir, kuma mai lasifika yana da ƙullin garinsa na naira kaza.

Ta ukun ce ta fi tayar mini da hankali game da bakin tafki, wato tsutsa mai ƙugiya. Ita ba sai ka ci komai ba. Ƙwanta a ƙasa yake ƙyanƙyashewa, 'ya'yan su tsaya a saman yashi mai danshi ko a jikin ciyawa, ido ba ya ganinsu. Mutum ya taka babu takalmi, su huda fata, galibi tsakanin yatsu, su bi jini zuwa huhu, a yi tarinsu a haɗiye, su sauka a ƙaramin hanji su kafa baki su fara shan jini. Wani masani Bajamushe mai suna Arthur Looss ne ya gano wannan hanya a Alƙahira a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ruwa mai ɗauke da 'ya'yan tsutsar ya zube masa a hannu, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi, bayan 'yan makonni ya ga ƙwai a bayan gidansa. Irin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, kowace ɗaya tana jawo asarar jini kamar mililita 0.03 a rana. Kamar ba komai ba. To a lissafa wanda ke ɗauke da guda 100: mililita 3 kullum, fiye da lita 1 a shekara, daga jikin yaron da kifin da ubansa ya kamo kasuwa ake kaiwa, shi a bar shi da tuwo da miyar kuka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.5 ne ke ɗauke da waɗannan tsutsotsi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar duniya. Amma alƙaluman gida sun fi wannan zafi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yara 68 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya suna da ƙarancin jini, mata masu shekarun haihuwa kuma 58 cikin 100. A wannan binciken dai, Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan yaran da suka tsumbure, 66 cikin 100, kuma ita ce kan gaba a zazzaɓin cizon sauro, inda aka sami ƙwayar cutar a jinin yara 52 cikin 100. Ba na cewa tsutsa ce ta jawo duk wannan. Sauro da yunwa sun fi ta laifi. Abin da nake cewa shi ne, yaron da sauro ya riga ya fasa wa jini, abincinsa kuma bai taka kara ya karya ba, ba shi da rarar da zai ciyar da baƙi a hanjinsa. Haka mace mai ciki: wadda ta shiga naƙuda jininta ƙasa-ƙasa, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita.

Wani zai ce ai tsutsar ciki cutar 'yan kudu ce, inda ruwan sama ba ya yankewa. Mu nan ranar Maris da Afrilu ƙone komai take yi. Akwai gaskiya a ciki. 'Ya'yan tsutsa ba sa jure ƙasar da ta bushe ƙamas, shi ya sa cutar ta fi yawa a kudancin ƙasar nan fiye da can arewa. Amma bakin Kainji ba Kangiwa ba ne, ba kuma Illela ba. Tun da aka gama madatsar a 1968 aka sami tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 130, wanda ke cika yana janyewa kowace shekara. Farin ruwa ya zo da damina, baƙin ruwa ya biyo baya da sanyi daga can tsaunukan Gini inda Kogin Kwara ya faro. Idan ruwan ya fara ja da baya sai ya bar faffadar ƙasa mai laima, kuma a kanta rayuwar mutane take. A nan ake dashen albasar da aka san Yauri da ita, a nan ake gyaran koma da taru, ake bandar kifi, mata na wanki, yara na kokawa. A nan ɗin dai, bayan ɗan kurmi ko gindin wata bishiya, ake zagayawa. Ɗumi da danshi da inuwa da ƙafar da ba takalmi sun haɗu wuri guda, a daidai lokacin da sauran jihar ke shaƙar ƙura.

Kada kuma a yi saurin zagin mutanen tunga da ƙazanta. Wanda bai taɓa haƙa masai a bakin ruwa ba bai san wahalarsa ba. Kana haƙawa kaɗan ruwa ya ɓullo. Inda ƙasar yashi ce, ramin ya rufta a daminar farko. Idan tafki ya cika ya shanye ramin, abin da ke ciki ya watsu ko'ina, har cikin rijiya. Masuncin da ke bin kifi daga wannan tunga zuwa waccan, yana zaune a filin da ba nasa ba, da wane dalili zai sayi siminti da rodi? Ga kuma kunya. A gidan gandu, matar ɗa ta gwammace ta matse har duhu ya yi ta nufi daji da a gan ta tana fitowa daga makewayin da uban mijinta ke shiga. Duk wanda ya kawo shirin gina masai bai yi lissafin waɗannan ba, hoto kawai zai ɗauka ya koma.

Abin da hukuma ta fi mayar da hankali a kai, da taimakon ƙungiyoyi irin su Sightsavers da ta daɗe tana aiki a Jihar Kebbi kan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne rabon magani. Tsarin na Hukumar Lafiya ta Duniya ne: inda yara 20 cikin 100 ke ɗauke da tsutsa, a ba kowane yaro sau ɗaya a shekara ba sai an gwada shi ba, inda suka kai 50, a ba su sau biyu. Ƙwaya ɗaya ce tal, albendazol mai miligiram 400 ko mebendazol mai 500, kuma kamfanonin GSK da Johnson & Johnson ne ke bayar da su kyauta, alkawarin da aka jaddada a taron Landan na 30 ga Janairun 2012. Ƙananan yara kuma ana ba su nasu a makon lafiyar mata da yara, tare da bitamin A. Ba ni da ja da wannan ko kaɗan. Maganin yana aiki, illarsa ba ta wuce ɗan tashin zuciya ko murɗawar ciki ba, kuma uban da ya hana a ba ɗansa saboda jita-jitar hana haihuwa ya cuci yaron. Na san inda tsoron ya samo asali. Abin da ya faru a Kano a 1996 wajen gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer bai bar zukatan mutane ba. Amma wannan ƙwaya an yi fiye da shekara 40 ana shanta a duniya, kuma ita ce dai wadda uban zai je kemis ya saya da kuɗinsa idan yaron ya amayar da tsutsa.

Matsalar tana gaba. Ƙwayar tana kashe abin da ta tarar a hanji ranar da aka sha ta, shi ke nan aikinta ya ƙare. Ba ta hana wata shiga gobe. A 2012 wasu masana sun tattara bincike-binciken da aka yi a ƙasashe da dama kan yadda cutar ke dawowa bayan shan magani. Suka tarar cewa bayan wata 12, macijin ciki ya koma kashi 94 cikin 100 na yadda yake tun farko, mai siffar bulala kashi 82, mai ƙugiya kashi 57. Ita mai bulalar ma, shan ƙwaya sau ɗaya ba ya raba ta da yawancin masu ɗauke da ita. Wato muna kwarfe ruwa daga jirgin da ya huje, hannu na aiki ba hutawa, babu wanda ya sunkuya ya toshe ramin. Kwarfar ta hana jirgin nutsewa, wannan gaskiya ne, domin yawan tsutsa ne ke yin illa, kuma yaron da ake rage masa kaya duk shekara ya fi wanda ba a taɓa rage masa ba. Amma babu ranar da za a ce an gama.

Sannan wa ake ba? Yawancin rabon a makarantun boko ake yinsa, alhali Kebbi na cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa. Yaron da ya bi ubansa su tun asuba ba ya cikin rajista. Almajirin tsangaya sai in an tuna da shi. Yarinyar da ke tallar kifi ranar kasuwa ba ta cikin aji. Makarantar da aka rufe saboda tsoron 'yan bindiga ba a raba komai a cikinta. Kuma tsutsa mai ƙugiya ta bambanta da sauran biyun: su a jikin yara suka fi yawa, ita kuwa ba ta raguwa da girma, manya ma suna ɗauke da ita sosai. Manomi da masunci da matansu, waɗanda ƙafarsu ke cikin laka wuni guda, su ne ke ci gaba da shuka ƙwai a ƙasar da yaron da ya sha magani zai taka da yamma. Mace mai ciki an halatta mata maganin bayan wata uku na farko, amma sai wadda ta je awo, kuma daga wasu tungayen zuwa asibiti sai an shiga jirgi.

Masana kansu sun yi ta ja-in-ja kan amfanin rabon. Binciken da Edward Miguel da Michael Kremer suka yi a makarantu 75 a yankin Busiya na Kenya, wanda aka buga a 2004, ya nuna cewa fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Wasu suka sake duba alƙaluman a 2015 suka ce an zuzuta. A bar su da gardamarsu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce ƙwaya za ta maye gurbin masai.

Ƙasashen da suka rabu da wannan cuta sun bar mana sawu. A kudancin Amurka, farkon ƙarni na 20, an daɗe ana yi wa talakawan karkara kallon ragwaye, masu kasala, marasa ƙwaƙwalwa. A 1909 attajirin nan John Rockefeller ya ba da dala miliyan 1 aka kafa hukumar yaƙi da tsutsa mai ƙugiya, da aka gwada yara sai aka tarar kusan 40 cikin 100 suna ɗauke da ita. Ashe abin da ake kira lalaci, rashin jini ne. Na kan tuna wannan duk lokacin da na ji malami na cewa yaran wani ƙauye daƙiƙai ne, ba sa gane karatu, barci kawai suke yi a aji. Ko na ji ɗan birni na cewa mutanen bakin ruwa ba sa son aiki. Kafin a yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci, a ja fatar idonsa ta ƙasa a duba, a ga ko ja ce ko fara fat. Hukumar Rockefeller ta raba magani, ta kuma matsa a gina masai a gidaje da makarantu, amma cutar ba ta kau sosai ba sai da takalmi ya zama na kowa, ruwan famfo da ban-ɗaki suka shiga gidaje.

Koriya ta Kudu ta fi kusa da zamaninmu. A binciken ƙasa na 1971, mutum 84 cikin 100 aka samu da ƙwan tsutsa a bayan gidansu. Daga 1969 zuwa 1995 suna gwada kashin 'yan makaranta sau biyu a shekara suna ba su magani, a lokaci guda kuma suka daina zuba kashin mutum a gona, suka gina magudanan ƙazanta. Zuwa 1997 adadin ya koma ƙasa da 3 cikin 100.

Mu ma muna da namu misalin, kuma tsofaffi ba su manta ba: kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu ita fiye da 650,000 a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawa a duniya a lokacin. Mutum na ƙarshe da ya kamu an same shi a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita. Kurkunu ba ta da ƙwaya, ba ta da allura. Da ƙyallen tace ruwa aka kashe ta, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki, da mutumin ƙauye guda da aka ɗora wa alhakin kai rahoto. Janar Yakubu Gowon, wanda ya buɗe madatsar Kainji a 1969, shi ne daga baya ya riƙa bin ƙauyuka tare da cibiyar Jimmy Carter yana matsa wa gwamnoni lamba kan rijiya. An yanke hanyar da cutar ke bi ne, ba jiran ta shiga aka yi ba.

Sai dai a yi hattara, domin masai ma ba layar tsari ba ne. A jihar Odisha ta Indiya an yi gwaji a ƙauyuka 100, aka buga sakamakon a 2014: gidajen da ke da masai sun tashi daga 9 cikin 100 zuwa 63, amma gudawa da tsutsa ba su ragu ba. Dalili kuwa, da yawa sun mayar da ɗakin wurin ajiye itace, maza suka ci gaba da zuwa daji, kashin yara kuma ana watsa shi a juji. Idan gida goma suka gina, gida uku suka ƙi, ƙasar unguwar ba ta tsarkaka ba. Aikin na gari ne gaba ɗaya ko kuma bai yiwu ba. Gwamnatin Tarayya ta san haka. A watan Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarni mai lamba 009 na kawo ƙarshen bahaya a fili kafin ƙarshen 2025, amma binciken 2021 ya sake samun kusan mutum miliyan 48 suna yi, kuma an riga an ɗaga wa'adin zuwa 2030. A shekarar 2021 ɗin ce amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,500, kuma hanyarta ɗaya da ta tsutsa. Tsargiya ma, wadda ke sa yaran bakin ruwa fitsarin jini har wasu na ɗaukarsa alamar balaga, ta cikin ruwa da dodon koɗi take bi, amma tushenta ɗaya: abin da ya fita daga jikin mutum bai tafi inda ya kamata ba. Jigawa, wadda ba ta fi Kebbi arziki ba, kuma ita ma tana da fadamar Haɗejiya da ambaliyarta, an ayyana ta a 2022 a matsayin jiha ta farko da ƙananan hukumominta 27 duka suka daina bahaya a fili. Ko da an ce akwai kwalliya a shelar, ta nuna abin ba gagara-badau ba ne.

To wa zai biya? A nan nake so in tsaya. Domin a samar wa Najeriya lantarki aka tashi mutum fiye da 40,000 daga gungunansu da garuruwansu, Gungawa da Kambari da Bussawa da sauransu, ruwa ya cinye gonaki da kaburburan kakanni. Laimar da ke raya tsutsa a bakin tafkin nan ba daga sama ta faɗo ba, injiniyoyi ne suka tsara ta. Saboda irin wannan bashi aka yi dokar kafa hukumar HYPPADEC a 2010, domin raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, ko da yake sai bayan kusan shekara 10 ta fara aiki. Ta raba rigunan kariya daga nutsewa, ta yi wasu ayyukan ruwa da makarantu, Allah ya saka. Amma idan akwai aikin da ya faɗa tsakiyar hurumin wannan hukuma, to masai na bakin ruwa ne, domin ya fi ƙarfin aljihun masunci. Ba rami da kirare biyu ake magana ba. Sai an ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa idan tafki ya cika, an jera zoben siminti a cikin ramin kada ya rufta, an nisanta shi da rijiya kamar mita 30. Inda hali ya yi, a yi rami biyu, idan ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ƙwan da ke ciki ya mutu, ana amfani da ɗayan. A ware na mata daban, ƙofarsa na kallon inda maza ba sa zama. A kasuwar Yauri da mashigin jiragen Wara da kowace babbar kwata da ake sauke kifi, a yi na jama'a da ruwa a ciki da mai gadin da ake biya albashi, domin ban-ɗakin da ba shi da mai kula mako biyu ya ishe shi ya zama abin gudu.

Sannan a ƙidaya. A shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya riƙa bin gaɓar tafkin nan tunga-tunga yana ƙidaya jirage da komaye da masunta, kuma cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa tana nan tana irin wannan aiki. Idan an iya ƙidaya kwale-kwale, ana iya ƙidaya masai. Ɗaliban jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi da na makarantar koyon aikin lafiya ta Jega za su iya gwada kashin yara mazaɓa-mazaɓa da madubin likita da ba shi da tsada, a liƙa sakamakon a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a sake bayan shekara biyu. Rahoton da ke cewa an raba ƙwaya dubu kaza aikin ma'aji ne. Wanda muke buƙata shi ne mai cewa yara nawa ne har yanzu ke ɗauke da tsutsa.

Abin da kuɗi ba zai yi ba, malamai da sarakuna za su yi. Yaron da ya fara Ahalari ko Ishmawi ba zai yi nisa ba zai tarar da hukuncin tsarki, kuma hadisai ingantattu sun yi hani da biyan buƙata a kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashayar ruwa, sun kuma hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ban san wata lacca ta jami'in lafiya da ta fi wannan kaifi ba, amma sau nawa ake jin ta a huɗubar Juma'a? Mun iya tsarkin jiki da buta, mun bar tsarkin ƙasar da muke ɗora goshi. Da can akwai duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da makewayi, mai laifi ya sha tara gaban alƙali. An yi ta kuka da cin zalinsu, amma tsoronsu ya sa an haƙa ramuka. Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan fada ta ce kowane hakimi da dagaci da sarkin ruwa ya kawo lissafin gidajen da ba su da masai a ƙasarsa, aka kuma karrama tungar da ta fara kammalawa a gaban taron bikin wasan ruwa na Rigata, za a ga abin da takardar Abuja ta kasa.

Mai gida ma yana da nasa, kuma ba sai ya jira kowa ba. Takalmin roba ga kowane yaro, kuma a sa shi musamman in za a zagaya. Kashin jariri ba tsarkakakke ba ne kamar yadda ake ɗauka. A kwashe shi da fo a zuba a rami, kada a watsa bayan danga. Sabulu ko toka bayan tsarki da kafin cin abinci. Wanda Allah ya hore wa buhun siminti, ya daɓe ɗakin da yara ke rarrafe kafin ya yi wa zaure fenti. A Meziko, shirin daɓe ɗakunan talakawa da siminti ya rage tsutsa da gudawa a jikin ƙananan yara sosai. Idan masu rabon magani sun zo, a fito da yara duka, har da almajiran da ke kwana a zaure.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin a Birnin Kebbi da Abuja, da hukumar HYPPADEC: a kasafin kuɗi mai zuwa muna so mu ga layi guda da sunan masai na bakin tafki, da adadin kuɗinsa, da sunayen tungayen da za a fara da su.